Muryar da ta ɓace tsakanin Damagaram da Falanko

Waƙar tana da kiɗa, tana da 'yan amshi, amma babu mawaƙi a cikinta. Haka mutane suka ji ta a wani biki a Falanko, cikin ƙasar Damargu, lokacin da mai kayan sauti ya zura memori ya ƙure ƙara. Ganga ta tashi, bes ya riƙa dukan ƙirji har kwanon rumfa yana karkarwa, 'yan mata biyu masu amshi suka shigo raɗau. Amma inda ya kamata a ji mai waƙar yana ambaton amarya da iyayenta, sai wani ɗan amo can ƙasa-ƙasa, ba ka tsintar kalma ko ɗaya. Aka cire memorin aka sa a salular wani, haka. Aka gwada ta wani, haka.

Mawaƙin ɗan ƙanwata ne. Gero ya sayar bayan kaka ya tafi Damagaram, ya biya wani ɗakin kiɗa aka ɗauki waƙar. Ya rantse mini da Allah a ɗakin ya ji muryarsa tsaf, kuma da iyafis ya yi ta saurarenta a mota har ya iso gida, ba abin da ya same ta. Uwarsa kuwa ta riga ta gama magana: hannu aka sa masa, an ɗaure masa baki don kada ya yi suna. Ban raina zancenta ba. Duk wadda ɗanta ya sha kunya a gaban dangin ango da na amarya dole ta nemi dalili, kuma abin da ake ji a nan a rasa shi a can ya isa ya tsorata mutum. Na dai roƙe ta ta ba ni dama in bi sawun abin, tunda na daɗe ina gyaran rediyo da amfilifaya.

Memori muka fara zargi. Yaron ya ce, “Kawu, ko wajen turawa ne ta lalace?” A zamanin kaset da maganarsa ta yi daidai, domin kowane kwafi yana rage wani abu daga na baya, shi ya sa kaset ɗin Shata da ya bi hannu da yawa za ka ji shi da shuuu. Fayil ba haka yake ba. Ko ta Bluetooth aka tura ko ta Xender, abin da ya fita nan shi ke isa can. Matse waƙa zuwa MP3 yana zubar da wani abu, gaskiya ne, amma mafi yawa siririn sauti ne na can sama wanda kunne bai cika lura da shi ba. Ba ya zaɓar mutum ɗaya ya cire ya bar 'yan amshinsa. Duk da haka muka sa mai ɗakin kiɗan ya turo asalin fayil ɗin. Muka kunna, babu mawaƙi.

Sai salula. Ita kam tana da laifin da kowa ya san ta da shi. Kunnen ɗan Adam mai lafiya yana jin sauti daga kaɗawa 20 a daƙiƙa, wato Hertz 20, har zuwa wajen 20,000. 'Yar lasifikar salula, wadda ba ta kai farce girma ba, ba ta iya tura iskar da za ta fitar da sauti mai kauri, don haka bes ɗin fiyano kusan gaba ɗaya yakan faɗi a hanya. Amma murya ai don ita aka yi waya. Tsohon layin tarho tsakanin Hertz 300 da 3,400 kawai yake ɗauka, kuma da shi ake gane muryar uwa da ta kishiyarta. Muka kunna Shata a salular nan, kalangu da murya suka fito kamar kullum. Muka kunna waƙoƙin fim na Kano, haka.

A nan zan ɗan tsaya, domin masu ɗakin kiɗa da yawa suna kallon salula a matsayin wurin da ake wulaƙanta aikinsu. Ni a ganina ita ce dandalin. Mdou Moctar, makaɗin jita na Abzinawa daga jihar Tawa, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa Anar a 2008, da kiɗan fiyano da gyaran murya irin na ɗakunan Hausa. Ba kamfani ne ya yaɗa shi ba, daga salula zuwa salula ya bi hamada, har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley na Sahel Sounds, ya tsinci waƙarsa ya sa ta a tarin da ya fitar a 2011 mai suna Music from Saharan Cellphones. Yau Mdou Moctar yana zaga duniya da jitarsa. Waƙar da aka haɗa a ƙasarmu, daga Tanut zuwa Belbeji, a salula da ƙaramin rediyo mai cin memori za ta yi rayuwarta. Wadda ba ta tsaya da ƙafarta a can ba, ba a gama ta ba.

To, salula ta fita daga zargi, memori ya fita. Abin da ya ƙara ɗaure mana kai wani mai shayi ne a bakin tasha. Yana da tsohuwar amfilifaya da lasifika ɗaya, yana haɗa salula da ita ta wata igiya da ta sha ɗauri da leda. Muka ba shi waƙar don kawai mu ji ta a wani wuri dabam. Sai ga muryar yaron ta fito gaba ɗayanta, garau, kowace kalma a wurinta. Abin da ya ɓace a wannan karo ɗaya daga cikin 'yan amshin ce. Na juya igiyar na duba: cikin wayoyi biyu masu ɗauko sauti, ɗaya ta tsinke tuntuni. Gefe ɗaya na waƙar kawai yake samu.

Na riƙe wannan a raina. Murya tana nan a iyafis, inda kowane kunne yake jin gefensa shi kaɗai. Tana nan a wurin mai shayi, inda gefe ɗaya ne ke fita. Ba ta nan a salula mai lasifika ɗaya, ba ta nan a kayan biki, wuraren da ake zuba hagu da dama a hanya guda. Ke nan ba a hanya ta ɓace ba. Tun daga ɗakin da aka haɗa ta aka fito da ciwon.

Da na je Damagaram, na tarar mai ɗakin kiɗan matashi ne mai ladabi, kuma abin ya dame shi fiye da yadda na zata, domin ba ɗan ƙanwata kaɗai ya kawo masa kuka ba. Ɗakin shago ne na bulo da siminti, kimanin mita 3 kowane gefe, an manna kwalin ƙwai a bango. Kwamfuta da fiyano Yamaha suna kan tebur a tsakiya. Lasifikan da yake aiki da su kuwa manya ne guda biyu irin na biki, masu kwano mai inci 15 da ƙaho a sama, kowace an cusa ta a kusurwa.

Da na gan su na ce a raina an gama. Lasifikar biki an ƙera ta ne don ta cika fili, ta sa mutane rawa, ba don ta faɗa maka abin da ke cikin waƙa ba. In ka sa ta a kusurwa, bango biyu da ƙasa suna ƙara mata kauri. In kuma ka ƙure ta, kunnenka ma yana shiga cikin yaudarar. Tun 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson na Bell Labs a Amurka suka auna yadda jin ɗan Adam yake canzawa da ƙarfin sauti: a hankali kunne ba ya jin bes sosai, da an ƙara ƙara sai bes ya cika. Mai haɗa waƙa a irin wannan hali yana jin bes ya yi yawa, sai ya rage shi, waƙa ta fita waje a rame.

Sai dai ba a rame tamu ta fita ba. Bes ɗinta ne ma ya yi yawa har yana kaɗa kwano. Bayanin da na zo da shi ya nuna gabas, waƙar ta nuna yamma.

Na ce masa, “Ɗana, kunna mini ayyukanka na bara.” Ya kunna, na sa ya tura mini su a salula, na fita waje na saurara. Ga abin da na yi tsammani: marasa kauri, bes ɗan kaɗan, amma murya a tsaye. Ayyukan 'yan watannin nan kuwa duk ciwo ɗaya gare su, bes ya kumbura, mawaƙi ya nutse. Akwai lokacin da abu ya juya.

Ɗakin ma na bincike shi, kuma yana da nasa laifin. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa. Tsakanin bango biyu masu tazarar mita 3, sautin da ke kusa da Hertz 57 yana kai da komo yana haɗuwa da kansa, ya taru a jikin bango, ya kusan mutuwa a tsakiyar ɗaki. Tunda tsawo da faɗi da bisa duk sun kusa zama ɗaya, matsalar a wuri guda take taruwa har sau uku. Na sa ya danne maɓalli ɗaya mai kauri a fiyano, muka kashe lasifika ɗaya, na riƙa takawa a hankali. A jikin bango sautin har cikin ciki kake jin sa. Taku biyu zuwa kujerarsa, sai ka ce an rage. Kwalin ƙwai ba ya taɓa wannan, soso mara kauri ma haka, iyakacinsu su ɗan kashe siririn amo. Amma ɗakin bara shi ne ɗakin bana, kujerar ma ba ta motsa ba. Abin da bai canza ba ba zai zama dalilin canji ba.

Muka koma kan kwamfuta. FL Studio yake aiki da shi, kamar yawancin samari. Na ce ya kashe komai ya bar muryar ita kaɗai, kuma ya cire duk abin da ya ɗora mata. Makirfo ya ɗauke ta lafiya, yaron ya rera da kyau. Amma da ta fito ta manyan lasifikan sai na ji ba ta da mazauni. Murya ɗaya da aka aika hagu da dama daidai wa daida ya kamata ka ji ta a gabanka, tsakanin lasifikan biyu, har ka iya nuna wurin da yatsa. Wannan ta watse, tana jikin bango, tana bayan kunne, in ka juya kai sai ka ji wani iri.

Ya ce, “Ai Baba, shi ya sa nake taɓa nan. In ban taɓa ba, ba ta zama a tsakiya.” Ya buɗe wani ɗan abin faɗaɗa sauti, ya danna wurin da ke juya gefe ɗaya. Nan take murya ta dunƙule ta zauna a gabanmu, cike da ƙarfi.

Na tambaye shi tun yaushe yake yin haka. Ya yi shiru yana tunani, sannan ya ce tun da lasifikan suka dawo daga haya. Ashe yakan ba da su aro ga masu taro in aiki ya yi sanyi, kuma a wata fita kan igiyar ɗaya ya karye, yaron shagonsa ya fere wayar ya murɗa ta da hannu.

Na aika a sayo mini batirin tocila, mai volt 1.5. Na cire wayar lasifikar hagu daga amfilifaya, na ɗora jan a kan batirin, baƙin a gindinsa. Kwanon ya yi ɗan tsalle waje, ƙwas. Na je ta dama na yi daidai haka, ja a kai, baƙi a gindi. Kwanon ya shige ciki. Muka buɗe ɗaurin da yaron ya yi, ga shi nan: ja an haɗa da baƙi, baƙi da ja.

Abin da ya faru ke nan. Lasifika iska take turawa ta ja. In biyu suna aiki tare, lokaci ɗaya suke turawa. In an juya wayar ɗaya, wannan tana turawa waccan tana ja, kamar mutum biyu a kan ƙofa ɗaya, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, kowa yana iya ƙarfinsa ƙofa ba ta motsi. Sauti mai kauri shi ya fi cutuwa, don haka bes ya ragu a ɗakin, matashin ya yi ta ƙara shi a cikin waƙa yana neman abin da ya saba ji. Murya kuma ta watse. Da ya juya gefe ɗaya nata a kwamfuta, juyi biyu suka haɗu suka miƙe, ta zauna daidai, amma a ɗakinsa kaɗai. A cikin fayil ɗin, muryar hagu kishiyar ta dama ce. Duk na'urar da ta haɗa su wuri ɗaya, sai su cinye juna, a bar ɗan amon da aka yi wa muryar ado da shi. 'Yan amshi sun tsira ne domin ɗaya ya ajiye ta hagu, ɗaya dama, kowace ba ta da abokiyar cinyewa. Igiyar mai shayi da ta tsinke ita ta hana gefe biyun haɗuwa.

Muka gyara wayar, ya cire juyin da ya yi, ya rage bes, ya sake fitar da waƙar bai karɓi ko dala ba. Ya kuma kira sauran mawaƙan da abin ya shafa. Wannan ya ƙara masa daraja a idona.

Da ya ce zai ci gaba da manyan lasifikan tunda an gano matsalar, na ƙi yarda. Wayar ta haifar da ciwon bana, amma ciwon bara, waƙoƙin nan marasa kauri, daga lasifikan ne da wurin da aka ajiye su. Kuma abin da ya fi damuna, watanni ya yi yana aiki da sauti a juye bai gane ba, domin kayan da suke gabansa ba su taɓa nuna masa yadda daidai yake ba. Monita, wato lasifikar da aka ƙera don haɗa sauti, aikinta ta fitar da abin da aka ba ta ba ƙari ba ragi, ko da ba daɗi.

Masu wannan sana'a a ƙasashen da suka riga mu sun daɗe da gane haka. Yamaha ta fitar da NS-10M a 1978 don sauraron kiɗa a gida, ba ta samu karɓuwa sosai a can ba. Injiniyoyin sauti ne suka ɗauke ta, baƙin akwati mai farin kwano, saboda ba ta ɓoye aibin da ke tsakiyar sauti, inda murya take. Bob Clearmountain ya yi suna da rufe ƙaramin bakinta da takarda mai laushi don rage kaifinta. Har aka daina ƙera ta a 2001 tana kan teburan manyan ɗakunan kiɗa na duniya. Lokacin haɗa kundin Thriller na Michael Jackson, na 1982, Quincy Jones da injiniyansa Bruce Swedien suna da manyan lasifika masu tsada, amma suna duba aikinsu a kan Auratone, ɗan akwati mai kwano ɗaya, domin sun san a ƙananan rediyo yawancin mutane za su ji shi. Mutanen da kuɗi bai zame musu matsala ba ke nan.

Shi ya sa na ba shi shawarar monita mai kwano inci 5, irin su Yamaha HS5, JBL 305P ko KRK Rokit 5. Ya so mai inci 8, domin ido yana son babba. A ɗaki mai mita 3, mai inci 8 tana zuba ƙarfi ne daidai wurin da ɗakin yake ƙarya, ka biya kuɗi ka sayo ruɗani. Waɗannan ƙananan kowace da amfilifayarta a ciki, babu jan waya da baƙa da wani zai juya, ba su kuma cin wuta sosai, sola mai matsakaicin ƙarfi tana ɗaukar su. A bayan HS5 akwai ɗan makunni na rage kauri in dole ta kusanci bango. Abu ɗaya na ja masa kunne a kai, domin na ga an yi asara a kansa: kayan hannu da suka fito daga Amurka da yawa na wutar volt 120 ne, tamu kuwa 220 ce. A karanta bayan akwatin kafin a soka, kuma kada a haɗa su da janareto ba tare da sitabilaiza ba.

Da ya samo su, ajiye su bai ci kuɗi ba. Muka janye tebur daga tsakiya zuwa kusa da bango ɗaya, muka raba lasifikan da kusurwa. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce tazarar kowace zuwa kansa, kimanin mita ɗaya, ƙaramin bakin kowace a saitin kunne. Muka jingina tsofaffin katifu masu kauri a kusurwoyi da bangon baya, aka shimfiɗa darduma a kan siminti. Bai warkar da Hertz 57 gaba ɗaya ba, amma ya rage. Ya koyi yin aiki da ƙarar da za a iya hira a kanta ba tare da ɗaga murya ba, yana rufe su da zane in ya tashi saboda ƙurar hunturu. Makonnin farko na ce kada ya haɗa komai mai muhimmanci, ya zauna ya saurari waƙoƙin da ya haddace tun yana yaro, har kunnensa ya san halin sababbin lasifikan. A gefen tebur kuma ya ajiye ƙaramin rediyo mai cin memori, irin na makiyaya. Manyan lasifikan suka koma aikinsu na haya.

Gare ku mawaƙan Damargu da kuke sayar da amfanin gona ku tafi birni ɗaukar waƙa: kafin ku biya cikon kuɗi, ku ce wa mai ɗakin ya mayar da waƙar mono ku ji da kunnenku. Sannan a tura muku ita a salula, ku cire iyafis, ku fita bakin titi ku saurare ta daga farko har ƙarshe. In kun rasa kalma ɗaya ta bakinku, ku koma ciki a gyara.